Labarin Dajin Kudancin Kaduna da Magungunansa

Unguwar Boro tana kudu da kogin Kaduna, maƙwabciyar Sabon Tasha ce, a kan hanyar da ta nufi Kachia, cikin ƙasar Chikun. Wanda ya shige ta yau ba abin da zai gani sai gidajen bulo masu rufin kwano, da kantuna, da makarantu, da wuraren ibada, ga motoci da babura suna ta kai da kawowa. Amma in ya ratsa kasuwannin wannan sashe, da wuya ya fita bai ga wata mace zaune a bakin tabarma ba, ta baza ƙulle-ƙullen saiwoyi da sassaƙe da busasshen ganye. Ita ce Hausawa ke kira 'yar mai ganye. Yawancin kayan nan nata daga nesa a ke kawo mata su a mota, alhali kuwa shekara 100 da suka wuce mai bukatarsu bayan gari kawai zai fita ya ɗebo.

Sunayen unguwannin Kaduna ma sun isa shaida. Kawo sunan itace ne, doka haka, rimi ma haka, ga shi kuwa akwai Kawo, da Doka, da Unguwar Rimi. Akwai kuma Kurmin Mashi da Kurmin Gwari, waɗanda yau ba kurmi a cikinsu sai suna. To, wannan labari zai bayyana yadda mutanen wurin nan suka ci suka sha daga daji, da yadda gari ya cinye dajin, da kuma dalilin da ya sa a ke waiwayarsa bayan ya yi nisa.

Ƙasar Kafin a Kafa Gari

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar nan ta Gbagyi ce, watau waɗanda Hausawa ke kira Gwari, tana kuwa cikin ƙasashen da ke ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Manoman doya da dawa ne, ƙauyukansu a warwatse cikin daji. Fulani makiyaya suna ratsawa da shanunsu, fatake kuma suna bi da jakunansu. Damina takan yi wata shida, daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan da a ke samu kuwa yakan kai kimanin inci 50 a shekara. Saboda haka itatuwa sun sami wurin zama. A kan tudu akwai doka, da kawo, da maje, da marke, da kirya, da taura. A bakin rafuka kuwa kurmi ne mai duhu, inda maɗaci da ɗinya da gora da tukurwa su ke.

Manomin wancan zamani in zai sare sabuwar gona yakan bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka a tsaye, ya yi shuka a ƙarƙashinsu. Yana da dalili. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta soma 'ya'ya, wanda ya sare ta kuwa ya san ba shi zai ga madadinta ba, sai dai 'ya'yansa.

Kowane lokaci na shekara da abin da daji ke bayarwa. Da bazara ɗorawa ke nuna. A sha garinta, a dafa kalwa a yi daddawa, ɓawon kuma a jiƙa a yi makuba don daɓe da shafen bango. Da farkon damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuwa bai iso ba, sai kaɗanya ta soma zuba. Yara su sha 'ya'yan, mata su tara ƙwallon su yi man kaɗe, na miya da na shafawa da na fitila. A lokacin ne kuma tafasa da lalo da karkashi da gasaya ke tsirowa ba wanda ya shuka su, a yi kwaɗo ko miya. Da kaka ɗinya ta nuna, a sha, a yi maɗi. Da rani kuwa sai tsamiya da kanya da taura, ga zuma, ga muruci daga giginya. Yarinyar da ke bin uwarta ɗiban waɗannan, kafin ta isa aure ta san wanda a ke ci ɗanye, da wanda sai an dafa, da wanda ba a taɓawa.

Masu Magani da Malamai

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta sanin magani a rarrabe ya ke, kowa da fanninsa, yawanci kuma gado ne. Boka yana da saiwoyinsa da asiransa. Wanzami shi ke yin ƙaho da kaciya. Maɗori shi ke ɗora karaya. Ungozoma ita ke karɓar haihuwa, ta haɗa wa jariri dauri. Maharbi ya san dafin kibiya da makarinsa, maƙeri ya san ƙuna, masunci ya san ƙayar kifi in ta maƙale a wuya, Bafillace kuwa ya san ciwon shanu. Ban da waɗannan, kowace tsohuwa a gida tana da nata sani, wanda ba ta karɓar ko anini a kansa.

Hanyoyin haɗawa ba su da yawa. Akwai jiƙo, akwai dafawa, akwai dakawa a zuba a kunu, akwai surace, akwai turare, akwai shafawa. Sassaƙen maɗaci, wanda ɗacinsa ya sa aka ba shi suna, a kan sha don zazzaɓi da ciwon ciki. Marke na tari ne, da asawaki. Sabara ta masu jego ce da masu gudawa. Saiwar rawaya da ta tafashiya na shawara ne. Bagaruwar da majema ke jima da ita, ita ce kuma a ke ba mai atuni. Akwai wani ɗan itace mai suna sanya, wanda saboda yawan amfaninsa a ke yi masa laƙabi da uwar magunguna.

Malaman jihadi ba su bar wannan fanni ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi a kan abin da ke gyara addinin mutum da jikinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai da dama na magani da Larabci. Akwai na ciwon ido, da na basir, da na tsutsar ciki, akwai kuma wani guda a kan filasko kaɗai, watau ganyen nan da a ke sha don wankin ciki. Duk da saninsa, sa'ad da Bature matafiyi Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato cikin 1824, ya nemi a aiko masa da likita daga Ingila ya zauna a garin. Wannan ya nuna manyan da ba su ɗauka cewa neman sanin wani raina na gida ne ba.

Daji Ranar Yunwa

Ba a san darajar daji sosai ba sai shekarar da ruwa ya ɗauke. Cikin 1913 aka yi fari mai tsanani a ƙasashen Kano da Katsina da Damagaram, ya jawo yunwar 1914 wadda a ke kira Kakalaba. Mutane masu yawa suka mutu, waɗansu suka bar gidajensu suka kwararo kudu, inda ruwa ya fi yawa. An sake yin wata cikin 1927, aka sa mata suna 'Yar Buhu, da wata cikin 1942, 'Yar Gusau, sa'an nan babban farin 1972 zuwa 1974.

A irin waɗannan shekaru mutane sun sussuke karangiya sun ci ƙwayarta, sun tona gidajen tururuwa sun kwashe tsabar da ke ciki, sun shiga tafkuna sun ciro bado. Sun ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacinta ya fita, sun ci rogon daji, wanda in ba a gyara shi daidai ba yakan yi lahani. A nan sanin tsofaffi ya raba mai rai da matacce, domin yunwa ba ta jiran mutum ya koya. Har cikin 2005, da aka yi ƙarancin abinci a ƙasar Maraɗi, anza da ganyayen daji ne suka riƙe gidaje da yawa kafin taimako ya iso.

Zuwan Turawa

Abin mamaki shi ne, Turawan da suka kawo asibiti, su ma ɓawon itace ne ya buɗe musu hanyar shigowa. Cikin 1841 Ingilishi suka aiko jirage uku su bi Kwara, zazzaɓi ya kashe fiye da rubu'in Turawan da ke ciki. Cikin 1854 Likita Baikie ya shigo da jirgi guda, ya bi Kwara ya shiga Binuwai, yana ba mutanensa kwini kowace rana, suka koma ba wanda ya mutu. Kwinin nan kuwa daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu a ke fitar da shi, waɗansu masana biyu na Faransa ne suka fara tace shi cikin 1820.

Hanyar jirgin ƙasa ta ratsa kogin Kaduna ta isa Kano cikin 1911. Gwamna Lugga ya ga wurin ya yi masa, cikin 1913 aka tsai da shawarar kafa gari, cikin 1917 kuma hedkwatar Arewa ta taso daga Zungeru ta dawo Kaduna. Ofisoshi da gidajen Turawa suna arewa da kogi, tashar jirgi tana kudu.

Cikin likitocin gwamnati na wancan zamani akwai wani mutumin Sikotlan, sunansa Dalziel, wanda ya kama aiki a Afirka ta Yamma cikin 1905. Duk inda aka kai shi aiki sai ya riƙa tambayar mutane sunan kowane tsiro da amfaninsa, yana rubutawa, yana busar da ganyen yana aikawa lambun Kew a Ingila. Cikin 1916 ya buga littafin sunayen itatuwa da Hausa, cikin 1937 kuma ya buga wani babba a kan tsire-tsire masu amfani na Afirka ta Yamma. Har yau masana suna duba su. Itacen nan da a ke kira hano ko ararraɓi, sunansa na masana a duniya duka yana ɗauke da sunan likitan nan. Manoma da maharba da tsofaffin matan da suka sanar da shi kuwa, nasu sunayen ba su shiga littafi ba.

Hukuma ta kafa dokar daji cikin 1916, ta sabunta ta cikin 1937. En'e-En'e suka keɓe gandayen daji, aka naɗa malaman daji masu kama wanda ya sare itacen da aka hana. Haka aka keɓe dajin Kamuku na Birnin Gwari cikin 1936, daga baya kuma na Afaka kusa da Kaduna. Dokar ta tsare itatuwa da yawa, ko da ya ke talakawa sun sha kuka da ita, don wurin da kakanninsu ke shiga ba shamaki ya zama sai da izini.

A wani gefen kuma hukumar da kanta ta sa an sare kurmi. Ciwon barci ya yi ɓarna ƙwarai a Lardin Zazzau, ƙudan tsando da ke kawo shi kuwa a inuwar bakin rafi ya ke zama. Daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa cikin na 1940 aka share bakin rafukan ƙasar Anchau, wuri mai faɗin murabba'in mil kusan 700, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Cikin 1947 aka kafa ma'aikatar binciken wannan ciwo a Kaduna. Rayuka da yawa sun tsira, amma itatuwan magani na bakin rafi sun tafi tare da ƙudan. A zamanin nan ne kuma baƙin itatuwa suka shigo. Darbejiya, wadda a ke kira dogon yaro, asalinta daga ƙasar Hindu ne, cikin 1928 aka fara dasa ta a Borno. Yau ba itacen da a ke dafawa don zazzaɓi kamarta, har yara suna tsammani tun fil'azal a nan ta ke.

Gari Ya Haye Kogi

Cikin 1957 aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri, waɗansu suka biyo baya. Ma'aikata suka taho daga ko'ina: Hausawa, da Adara, da Bajju, da Atyap, da Ham, da Tibi, da Idoma, da Yarbawa, da Ibo. Ƙidayar 1963 ta sami mutum kusan 150,000 a Kaduna. Cikin 1980 aka buɗe matatar mai a wajen hanyar Kachia, sai gonakin Gbagyi da ke tsakaninta da gari suka soma zama filayen gini. Bayan rikicin Fabrairu da Mayu na 2000, da na Nuwamba 2002, jama'a suka yi ta ƙaura, kowa yana neman unguwar da masu addininsa suka fi yawa. Kirista da yawa suka komo kudu da kogi, Sabon Tasha da Unguwar Boro da Kamazou suka cika suka batse. Yau mutanen Kaduna sun haura 1,000,000.

Mai gini ba ya barin ɗorawa a tsakiyar fili kamar yadda manomi ke yi. Kowane gida kuma yana bukatar wutar girki, saboda haka motocin itace da na gawayi suka riƙa shigowa dare da rana. Masu gawayi kuwa sun fi son itace mai nauyi, watau kirya da marke da kaɗanya, su ne kuma na abinci da magani. Daga wajen 2013 aka shiga saran madobiya ana kai katakonta ƙasar Sin, har cikin 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da dokar duniya ta ƙayyade cinikinsu, cikin 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya.

Sa'an nan wata masifa ta zo wadda ta fi gatari. 'Yan bindiga masu satar mutane suka mai da dazuzzukan Birnin Gwari da Chikun da Kajuru mafakarsu. Cikin Maris 2021 suka sace ɗalibai 39 daga makarantar koyon aikin daji ta Afaka. Cikin Yuli na shekarar nan suka kwashe fiye da ɗalibai 100 daga wata makarantar sakandare ta Baptist da ke kan hanyar Kachia. A shekarun nan matan ƙauye da yawa suka daina nisa wajen tsintar kaɗanya, masu haƙar saiwa suka daina kwana a daji. Yaron da aka haifa a Unguwar Boro a wannan zamani yana iya girma yana cin miyar daddawa kullum, bai taɓa ganin ɗorawa da tutunta ba.

Waiwayen Ganye

Ana cikin haka sai ga mutanen gari sun komo neman abin da iyayensu suka bari. Dalili na farko tsada ce. Tun da darajar Naira ta soma faɗuwa cikin 1986 kuɗin ƙwaya da allura ke hawa. Masaƙar Kakuri ta farko ta rufe cikin 2002, waɗansu suka bi ta, dubban magidanta suka rasa albashi. Cikin 2023 kuma farashin magani ya sake tashi. Dalili na biyu cututtukan zaman gari ne, irin su hawan jini da ciwon sukari, waɗanda ba a gama shan maganinsu. Zogale, wanda da shingen gida ne kawai da kwaɗon mata, ya zama abin da a ke ƙullawa a leda a sayar a kanti. A wannan ciniki kogi bai raba kowa ba. Mai saye ko Bajju ne ko Bayarabe, da sunan Hausa ya ke tambayar saiwar, mai sayarwa kuma ba ta tambayarsa addininsa.

Hukumomi ma sun waiwaya. Taron lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata cikin 1978 ya yarda a jawo masu maganin gargajiya cikin aikin kiwon lafiya. Tun 2003 a ke bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka kowace 31 ga Agusta, cikin 2007 kuma Nijeriya ta fitar da manufarta a kan wannan fanni. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa cikin 1962, akwai ɗakin ajiyar busassun tsire-tsire, da sashen da ke gwada abin da ke cikinsu.

Gwaji ya gaskata waɗansu. A ƙasar Sin wata masaniya mai suna Tu Youyou ta duba wani tsohon littafi na wajen shekara 1,600, ta sami labarin wani ganye ɗan'uwan tazargade. Cikin 1972 ita da abokan aikinta suka tace maganin da ke cikinsa. Shi ne tushen ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da Nijeriya ta koma amfani da su cikin 2005, da suka ga kulorakwin ya daina ci. An ba ta lambar Nobel cikin 2015. A nan gida kuma wani limamin coci na ƙasar Oyo, Paul Ogunyale, ya kai wa ma'aikatar binciken magunguna ta Abuja wani haɗi na ciwon amosanin jini, wanda a ke kira sikila. Farfesa Charles Wambebe da mutanensa suka gwada shi, suka ga yana rage yawan tashin ciwon, aka sa masa suna Niprisan, aka yi masa rajista a Amurka cikin 1998. Abin da ke ciki huɗu ne: masoro, da kanumfari, da karan dafi, da wani jan itace ɗan'uwan madobiya. Uku daga ciki ba kasuwar Arewa da ba a samunsu.

Gwaji ya kuma ƙaryata waɗansu. Cikin 2020, lokacin annobar korona, ƙasar Madagaska ta aiko da wani jiƙo ta ce magani ne. Ma'aikatar nan ta Abuja ta duba, ta ce ba ta ga shaidar yana warkar da cutar ba. Wani lokaci ma masanan kan gyara maganarsu. Cikin shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin Zariya, Davidson da Parry, suka ga ciwon zuciya ya yi yawa ga masu jego, suka zargi kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta. Binciken da aka yi daga baya a asibitoci da yawa na Nijeriya ya fi ɗora laifin a kan rama da talauci da hawan jinin masu ciki. Amfanin gwaji ke nan, ana iya sake shi.

Magani da Dafi

Maharban da sun san abin da mutanen gari suka manta, watau magani da dafi a itace guda su ke kwana. Ƙwanƙwanin da su ke dafa dafin kibiya da shi, daga irinsa ne likitocin Turai suka fitar da maganin zuciya cikin ƙarni na 19. Bambancin kawai awo ne. Zaƙami yana gusar da hankali. Ruwan tumfafiya yana ɓata ido. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu sun sha kai yara asibiti. Jiƙon da aka sha ba ma'auni, wata da watanni, yana iya taɓa hanta ko ƙoda ba a sani ba. Masu yawo da mota da lasifika, suna tallar kwalba guda mai maganin cuta 20, ba su ne magadan tsofaffin masu magani ba, domin na ƙwarai yakan ce wannan ba fannina ba ne, a tafi wurin wane. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993, takan ba maganin gargajiya na kwalba lamba in ta duba ba shi da lahani, amma lambar nan ba shaida ce ta cewa yana warkarwa ba.

Akwai kuma ciwon da ba a tsayawa jiƙo a kansa. Yaro mai zazzaɓi da ya soma sanƙarewa, da mace mai zubar jini wajen haihuwa, da wanda kububuwa ta sara, duk asibiti za a nufa da su nan da nan. Dafin kububuwa hana jini daskarewa ya ke yi, allurar makarinsa ce ke tsai da shi, irin wadda a ke yi a asibitin Kaltungo.

Abin da Ya Rage

Dajin da Gbagyi suka sani a kudancin kogi ba zai komo ba, gidaje sun hau kansa. Amma akwai abin da ke hannun kowa. Na farko shi ne a daina kashe itacen da ya rage. Wanda ya bi tsofaffin titunan Kaduna da Zariya zai ga maɗatai da tabon sassaƙa, waɗansu an zagaye su duka sun bushe a tsaye. Dalili kuwa shi ne, abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo ya ke sauka zuwa saiwa, in aka yanke ɓawon kewaye sai saiwar ta mutu da yunwa. In dole ne a sassaƙa, sai a ɗiba kaɗan a gefe guda, a bar wurin ya warke. In saiwa a ke bukata, a yanki ta gefe, a mai da ƙasa. Uwar magunguna ta yi wuyar samu a wurare da yawa don masu haƙa suna tumɓuke ta gaba ɗaya.

Na biyu shi ne dashe. Zogale yana ba da ganye tun shekararsa ta farko, ba ya kuma cin wuri. Shuwaka da lalo da rama suna yi ko a tsohon bokiti. Makaranta ko masallaci ko coci mai fili yana iya ɗaukar tsamiya ko ɗorawa guda, yara su tashi sun san ta.

Na uku ya fi shafar wanda ya yi yaƙi da jahilci ya ci nasara. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani, tsofaffin da suka yi yawon dajin nan da ƙafarsu kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya iya rubutu sai ya sami ɗan littafi ya zauna gaban kakarsa. Ya rubuta sunan itacen da Hausa, da Gbagyi ko harshen gidansu. Ya rubuta abin da a ke ɗiba, ganye ne ko ɓawo ko saiwa, da lokacin ɗibarsa, da yadda a ke haɗawa, da awon babba da na yaro, da wanda aka hana ya sha. Ya sa kwanan wata, ya sa kuma sunan wadda ta faɗa masa. Aikin da Likita Dalziel ya yi ke nan da fensir da takarda, sai dai wannan karon sunan mai sanin zai shiga littafin. Allah ya ba da ikon yi, amin.